Kanwa Ba Gishiri Ba Ce

Bana ma ruwa ya zo. Labarinsa ya riga shi isowa, domin yanzu kowa da waya a aljihu, mutanen ƙauyukan yamma suna kiran 'yan'uwansu suna faɗa musu inda ya kai. Na dawo gida daga hidimar ƙasa na tarar da samarin ƙauyenmu suna ɗura ƙasa a buhuna suna jerawa a kan jinga, wato tudun da aka gina tsakaninmu da kogi. Da yamma iska takan kwaso warin ciyawar kacalla da ta ruɓe a ruwa ta shigo da shi har tsakar gida. Duk wanda ya tashi a fadamar Haɗeja ya san wannan wari. Ni kuwa ba na jin sa ban tuna daminar da aka haifi autanmu Musa ba, wadda ita ce daminar Inna ta ƙarshe.

Shekarata goma sha biyar a lokacin, kuma ni ce babba. A gidan akwai Baba da Inna, da ƙanena Iro, da Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta. Saboda haka Baba ba ya kama sunana, "Uwata" yake ce mini, Kaka kuwa "takwara".

Daminar ta fara da kyau. An yi shuka da wuri, gero a tudu, shinkafa a kwari, kuma har aka gama noman farko babu wanda ya yi ƙorafi. Inna tana da tsohon ciki, amma ita ce ke dafa wa masu gayya abinci, tana tuƙa tuwo a tsaye tana yi wa matan maƙwabta ba'a ta kan katanga. Daga nan ruwan sama ya ƙi ɗaukewa. A kwana ana yi, a wuni ana yi, sama ta zama launin toka, tufafi suka daina bushewa, tabarmi suka yi funfuna. A lokacin ba mu da waya. Baba ya kafa sanda a bakin kogi, kullum da safe ya je ya duba inda ruwa ya kai a jikinta.

Kacalla ta riga ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, don haka da ya zo daga yamma bai sami wurin wucewa ba, sai ya tsaya yana hawa. Maza suka shiga ruwa har ƙirji da lauje suna sarar ta, suna fitowa da matsattsaku a ƙafafu. Mata da 'yan mata muka riƙa kwasar ƙasa a kwanuka muna kai wa masu gyaran jinga. Ana zuba ƙasar tana narkewa. Wata safiya jingar ta ɓalle ta wajen kwari, kafin azahar babu wanda zai iya nuna inda gonarsa take.

A ranar Inna ta haihu. Baba ya shigo gida da laka har wuya, Kaka ta tare shi a tsakar gida ta ce, "Albishirinka. An sauka lafiya, namiji ne."

Baba ba mutum ne mai kaushin baki ba. Amma ya zauna a kan turmi, ya dafe kansa, ya ce, "An ƙara mana baki a shekarar da babu hatsi."

Tabarmar ƙofa ce kawai tsakaninsa da Inna. Daga ciki muka ji muryarta, a gajiye amma da dariya a ciki: "Ai bai zo da haƙori ba, Malam. Kwantar da hankalinka." Matan da suka zo barka suka yi dariya, maganar ta wuce. Haka dai muka zata.

Ƙauyen ya zama tsibiri. Hanyar Haɗeja ta yanke, katangarmu ta faɗi, ɗakin Baba ya rufta, amma ɗakin Kaka mai gadon ƙasa yana nan, can aka mai da Inna da jariri. Washegari aka fara wankan jego, kuma daga ranar rayuwar gidan gaba ɗaya ta koma kansa.

Ga yadda yini yake tafiya. Da an idar da sallar asuba ni da Iro mu cika rabin duro da ruwa. Kaka ta hura wuta. Itace duk ya jiƙe, sai hayaƙi, idanunmu su yi ja kafin harshen wuta ya fito. Da itacen ya ƙare muka cire danga, bayan danga muka shiga sanduna na rumbun da ya riga ya zama fanko. Idan ruwan ya tafasa, Kaka ta tsoma damin ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa wa Inna a baya da ciki da cinyoyi. Har yanzu ina jin ƙarar ganyen a kan fata, da tururin da ke tashi ta saman zana, da yadda Inna ke jan numfashi ta haƙora. Ta fito jikinta ya yi jawur, ta hau gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, a rufe ƙofa kada iska ta shiga. Sai kunun kanwa, cike da ƙwarya, da zafinsa. Da la'asar a sake duka daga farko.

Geron da ya rage a gidan bai cika buhu ba, kuma Kaka ta ce na mai jego ne. Mu sauran muka koma cin bado da muke tsinkowa a ruwa, da tafasa, da 'yan ƙananan kifin da Iro ke kamawa da tsohon gidan sauro. Yunwar damina ba irin ta rani ba ce. Ruwa ko'ina, ganye kore shar, cikinka kuwa yana kuka. Nakan zauna ina dama wa Inna kunu ƙamshinsa yana juya mini kai. Takan rage mini a ƙasan ƙwarya idan Kaka ta fita. Da kanwar gida ta ƙare, Baba ya hau kwalekwale ya yi wuni guda a ruwa, ya dawo da jar kanwa da kanwar ungurnu a ƙulle cikin leda a ƙarƙashin hularsa. Kaka ta lasa ta ce, "Yauwa. Wannan ita ce kanwa."

Bayan suna da kamar mako biyu, Inna ta ce silifas ɗinta ya matse ta. Sai zoben hannunta ya ƙi fita. Daga ɗaki zuwa makewayi sai ta tsaya ta dafa bango. Ta daina iya kwanciya a miƙe, in ta kwanta sai tari ya taso mata, don haka aka jingina mata buhun geron a baya, a zaune take barci. A gefen wuyanta wata jijiya ta fito tana harbawa, ana gani daga bakin ƙofa.

Kaka ta duba ƙafafun ta ce, "Sanyi ne. Dole ma ya shige ta, a wannan damina da ko kaza ba ta bushe ba." Maganin sanyi kuwa a wurinmu sananne ne: a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara garwashi, a ƙara kanwa. Haka aka yi wa Kaka a haihuwarta duka, haka ta yi wa Inna a haihuwata da ta Iro, kuma an tashi lafiya. Ba ta da dalilin yin shakka.

Sai bayan shekaru, a ajin farko na karatun aikin gaɓoɓin jiki a jami'a, na san sunan abin da na gani. Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Ɗakuna huɗu ne a cikinta, biyu a dama, biyu a hagu, da ƙyamare masu buɗewa ta gefe ɗaya kawai don kada jini ya koma baya. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Ɓangaren hagu ya karɓo shi daga huhu ya tura shi cikin jijiyoyi, daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa, wasu jijiyoyin kuma su dawo da shi. Zagaye ne da ba ya tsayawa, kuma abin da ya shiga dole ne ya fita daidai da shi. Idan tsokar ta raunana, jinin da ke tahowa ba ya fasa tahowa, sai dai ya rasa wurin wucewa ya taru a baya. In hagu ya gaza, ruwa ya tsatso cikin huhu, mutum ya kasa kwanciya. In dama ya gaza, jijiyar wuya ta cika, hanta ta kumbura, ƙafafu su ɗauki ruwa. Malamin yana zane a allo, ni kuwa kwarin gonarmu nake gani.

Wasu matan tsokar zuciyarsu tana raunana a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma har yau masana ba su gama sanin dalili ba. Yana faruwa ko a inda ba a san wankan jego ba. Abin da aka sani shi ne irin nauyin da bai kamata a ɗora wa zuciyar da ta gaji ba. Zafi mai tsanani yana buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta mata ƙara gudu. Gishiri kuma yana sa ƙoda ta riƙe ruwa, jini ya ƙara yawa, abin turawa ya ƙaru.

A makarantar firamaren ƙauyen aka sauke waɗanda gidajensu suka rushe, kuma wata rana wani malamin asibiti ya zo musu a kwalekwale. Baba ya je ya roƙe shi ya taho gida. Saurayi ne, idanunsa sun yi ja saboda rashin barci. Tsakar rana ce, wutar wanka a mace, duron yana bayan ɗaki. Ya danna ƙwaurin Inna da babban yatsa, ya ɗauke, ramin ya tsaya bai cike ba. Ya sa abin sauraren ƙirji a bayanta ya daɗe yana ji. Sa'an nan ya ce wa Baba, "Ciwon zuciya ne. Zuciyarta ta gaji. Kada a ƙara sa mata gishiri ko kaɗan. Ta sha waɗannan ƙwayoyin, za su sa ta fitsari. Da an sami hanya ku kai ta babban asibiti a Haɗeja." Ana ta kiran sa daga waje saboda yara masu gudawa, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ba a gama jin takunsa ba Kaka ta juya ga Baba. "Ka ji ko? Ciwon zuciya. Ka ji abin da bakinka ya jawo. Mace ta sauka a ranar, jini bai tsaya mata ba, ka ce an ƙara maka baki."

A harshenmu, idan aka ce mutum yana ciwon zuciya, abin da ke fara zuwa rai shi ne an ɓata masa, ya haɗiye, abin ya ci shi. Ba mu da wata kalma dabam ga tsokar da ke cikin ƙirji. Kafin magariba labari ya zagaya ƙauye cewa baƙin ciki ne ya kwantar da Inna, har likita ya tabbatar. Mai baƙin ciki kuwa ba asibiti yake bukata ba, haƙuri ake ba shi. Kuma mai jego ba ta ƙetare ruwa kafin arba'in. Maganar Haɗeja ta koma sai ruwa ya janye.

Maganar gishiri kuwa Kaka ta riƙe ta da gaske. Da hannunta ta kwashe gishirin gidan ta ɓoye a ƙarƙashin shimfiɗarta, miyar Inna ta koma salam. Da safe ina dama kunu na tambaye ta, "Kaka, kanwar ma a bari?"

Ta ce, "Ke takwara, kina wurin ko kin ba da aron kunnenki? Gishiri ya ce. Kanwa gishiri ce?"

Na ce, "A'a."

"To a makarantar taku an ce muku ɗaya ne?"

"Ba a ce ba."

"Zuba, raguwa, kafin ya huce."

Na zuba. Sunansu dabam, kamanninsu dabam, a kasuwa ma ba faifai ɗaya ake kasa su ba. Babu wani a ƙauyen, har da limami da malaman makaranta, da zai ce Kaka ta yi kuskure.

Ƙwayoyin sun yi aiki. Kumburin ya ɗan saɓe, Inna ta zauna a bakin ƙofa ta sha hantsi, ta yi wa Musa wasa. Kaka ta ce wanka ya fara kama jiki. Da ƙwayoyin suka ƙare, kumburin ya dawo har ciki.

A kwanakin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba, wanda ko sunan Inna ba ya faɗa a gaban mahaifiyarsa, ya shiga ɗakin nan mai zafi kamar tanda, ya durƙusa a gefen gado, Kaka tana zaune, ya ce, "Don Allah ki yafe mini maganar nan. Ki cire ta daga ranki."

Inna ta ce, tana tsayawa tsakanin kalmomi don ta sami numfashi, "Wace magana kuma, Malam? Ni fa na manta. Ba raina ba ne. Nan ne, kamar an ɗora mini turmi." Ta dafa ƙirjinta.

Kaka ta ce, "Kawaici take yi maka. Haka 'ya'yan mutunci suke."

Kullum sai ya dawo ya sake roƙo. Ya kawo mata kifi babba da ya samu, ya karɓo rubutu a wurin liman, ya ɗauki Musa yana zagaya tsakar gida da shi inda za ta hango, don ta ga yana son yaron. Ita kuma kullum sai ta ce ta yafe, har ta gaji ta koma ɗaga masa hannu kawai.

Wata safiya, bayan wanka, ta yi tari ya fito da kumfa mai ruwan hoda. Leɓunanta suka yi duhu. A nan Baba bai nemi shawarar kowa ba, ya fita a guje ya samo mai kwalekwale. Aka zaunar da ita a tsakiya, na zauna a bayanta ta jingina da ni, Baba yana gaba yana ture kacalla da hannu. Rana ta fito tas a ranar, irin fitowar da muka daɗe ba mu gani ba, ruwa yana ƙyalli har ido ba ya iya kallo. Mun bi ta kan gonarmu, na gane ta da giginyar da ke kan iyaka. Hannuna yana kan ƙirjinta, ina jin abin yana bugawa da sauri, ba ƙarfi, kamar tsuntsun da aka riƙe a tafi. Ta ce mini, "Ki riƙa ɗaga Musa ya yi gyatsa." Ba ta ƙara magana ba. Muna hango motocin da ke tsaye a inda kwalta ta fito daga ruwa, mai kwalekwalen ya dubi Inna, ya daina tura gora, ya yi salati.

Makabartarmu tana cikin ruwa, sai a tudun wani ƙauye aka rufe ta. Masu ta'aziyya suna cewa Allah ya ji ƙanta, in sun fita kuma su ce baƙin ciki ne. Musa ya rayu da nonon wata maƙwabciya da madarar akuya. Baba bai sake aure ba, kuma tun daga shekarar ya zama mutum mai auna kowace kalma kafin ta fita, har mutane suna yaba masa da natsuwa.

Shekaranjiya da la'asar na same shi a zaure yana ɗinke bakin buhu. Bai ɗago ba ya ce, "Uwata, karatun nan naki, an ce na jikin mutum ne. Har da zuciya?"

Na ce, "Har da ita, Baba."

"Magana tana kashe ta?"

Na zauna. Na gaya masa cewa ɓacin rai yana iya sa ta gudu, amma abin da ya sami Inna ba shi ba ne. Na kwatanta masa da injin ban-ruwansa idan ƙarfinsa ya ragu: rijiya tana kawowa, shi ba ya iya turawa. Na ce ciwon tsoka ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, da ya yi maganar da bai yi ba, da zai zo. Na ce, "Gaskiya ta faɗa maka. Ba ranta ba ne."

Ya ajiye basillar. Na ɗauka maganar ta ƙare, kuma da ta ƙare a nan da na gode wa Allah. Sai ya ce, "To me ya kumbura ta haka? Mun hana gishiri. Ko ɗanɗano ba ta ƙara yi ba."

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, shi ne a cikin kanwa, kuma abin da take sha a ƙwarya ɗaya ya fi na miyar mako. Na faɗi na zafin wanka da na gado. Na ƙara da cewa ko da an bar su duka, ba ni da tabbacin za ta tashi, wasu suna tashi wasu ba sa tashi.

Ya ce, "Kanwa ba gishiri ba ce."

Na ce, "A baki ba ita ba ce, Baba. A jini ɗaya suke."

"Ni na ƙetare ruwa na sayo ta."

Can ya ce, muryarsa a ƙasa, "Kada ki faɗa wa tsohuwa. Ta kusa kabarinta. Ba za ta tafi da wannan ba."

Na ce, "Baba, matar Iro watanta ya tsaya. Kaka ta sa an tara itace a bayan ɗaki."

"Na gani."

"Sai ka hana."

"In na hana za ta tambaye ni dalili. Ita ta haife ni, me zan ce mata?"

Muna cikin haka muryar Kaka ta taso daga cikin gida, siririya amma da sauran ƙarfinta. "Takwara! Ina 'yar bokon nan ta shiga? Zo ki duba mini kanwar da Iro ya kawo, idona ba ya gani. Kada a ce an cuce shi an ba shi ta banza."

Na dubi Baba. Ya ɗauki basillarsa ya mai da kai ga buhu, ya kasa samun bakin zaren. Bai ce in je ba, bai ce kada in je ba.

Ta sake kira. Na ce, "Ga ni nan, Kaka."